Wata uku ina koyon ɗaukar murya

Yau wata uku ke nan ina zuwa wani situdiyo a Zoo Road, nan Kano. Na shiga da zaton haɗa kiɗa a manhajar kwamfuta ta FL Studio za a fara koya mini, amma sati biyu cur maigidana bai bar ni na taɓa komai ba sai saurare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaki. Makirfon kondensa, wanda sai an ba shi wuta bolt 48 yake aiki, komai yana ji: fanka, janareton maƙwabta, har amon bango. Ranar da muka rataya barguna, muka jingina katifa a kusurwa, wallahi kamar an canza mawaƙin. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Sai tazara, kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo. Kuma kada sauti ya taɓa ja a ma'aunin ƙarfin sauti, a bar shi wajen -12 dB a kan ma'aunin, domin muryar da ta fashe wurin ɗauka da wuya ta gyaru.

Jiya na ɗauki kalangu da murya da hannuna. Gobe EQ, wato daidaita kauri da kaifin sauti, za mu shiga, in sha Allah.