Cakuletina mai suna Kada: inda aikin ya kai a sati na biyar

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon Turanci, barkanmu da war haka. Na ce zan riƙa faɗa muku inda aka kwana a wannan aikin da na ɗorawa kaina, toh yau sati biyar kenan cif da farawa, kuma akwai labari.

Ga wanda bai san zancen ba, ni dai na gaji ne da haddar kalmomi daga littafi, in haddace ashirin da daddare da safe in nemi biyar in rasa. Sana'ata cincin da dubulan da alkaki na biki nake yi anan Tudun Wada, sai na ce me zai hana in ƙirƙiri cakuleti nawa na kaina, in raɗa masa suna, in zana takardar da za a naɗe shi, in rubuta duk abin da ke jikinsa da Turanci gaba da baya kamar gobe za a jera shi a kanti. Kalmar da zan nema ta zama ina da aikin da zan sa ta, ba wai in ajiye ta a kai kawai ba.

Satin farko ban rubuta komai ba, tara bawon cakuleti na yi, wato takardun naɗinsa. Na saya guda uku a wani kanti a kan Ahmadu Bello Way, yaran gida kuma da suka ji ina nema suka dinga kawo min duk wanda suka samu, har na alewa da na biskit. Na wanke su na shanya na danne ƙarƙashin katifa suka miƙe, yanzu guda goma sha huɗu gare ni a cikin wani tsohon fayil. Wallahi bayan takardar cakuleti makaranta ce guda, shekara nawa ina yarwa ban taɓa juyawa na karanta ba. Abun da ya fara ɗaure min kai shine sunan takardar kanta, ashe "wrapper" ake ce mata, mu kuma anan in ka ce haka kowa zani zai kawo a ransa. Da na yi tunani sai na ga ai abu ɗaya ne, duka naɗewa ake yi, tun daga ranar kalmar "wrap" ta zauna min.

Suna bai ba ni wahala ba. Kada na sa masa, tunda daga kadduna aka samo sunan garin namu, kuma in kun lura gidajen nan murabba'i na jikin cakuleti sak bayan kada. Na yanka kwali santimita 12 tsawo, 6 faɗi, na ja layi ya ba ni gida goma sha biyu, nauyi na ce giram 50. A gaban takardar kada ne a kwance ruwan ƙasa mai duhu, bayansa shine cakuletin, ƙasan kuma kore shar kamar bakin kogi da damina. Da fensir na fara, daga baya ƙanena ya nuna min yadda ake yi a manhajar zane ta Canva a waya.

Sai kayan haɗi. Na ce ba zan kwaikwayi na Turawa da 'ya'yan itacen da ban taɓa gani ba, namu zan sa: aya, dabino, da citta. Cittar ma ta Kachia, tunda duk wanda ya san citta a ƙasar nan ya san ta kudancin Kaduna ce ake ji da ita har waje ake fita da ita. Amma koko fa, koko na cakuleti nake nufi ba na safe da ƙosai ba, ba ya yi a yankinmu na Kaduna, itace ne mai son ruwa da inuwar kurmi. Ondo ce kan gaba a Najeriya, akwai Kuros Riba wajen Ikom, har dogon benen nan na Ibadan da ake kira Cocoa House da kuɗin koko aka gina shi aka gama a 1965. A duniya kuwa Kwaddebuwa ce ta ɗaya, Gana na bin ta. Wannan ne ya kai ni ga darasin da ya fi kowanne amfani a wajena cikin satin nan biyar, saboda da na rubuta "made of Kaduna cocoa" sai na ga ƙarya biyu na yi a layi ɗaya, ta gaskiya da ta nahawu.

Ga yadda na fahimce shi bayan na jera bawon nan sha huɗu a tabarma ina bin su ɗaya bayan ɗaya da biro. "Made in" wuri ne, inda aka yi abun. "Made from" in abun ya canza kama har ba ka gane shi, kamar ƙwayar koko da ta koma cakuleti. "Made with" ɗaya ne daga cikin kayan haɗi, an dai sa shi a ciki. "Made of" kuma abun na nan yadda yake kana gani, kamar takardar naɗin, ita "made of paper" ce. Mu da Hausa "an yi shi da" ta ishe mu kusan duka, shi yasa muke cakuɗa su. Yanzu layin nawa ya zama "Made in Kaduna with cocoa from Ondo and ginger from Kachia", kuma duk sanda na karanta sai na ji daɗi don babu kalma ɗaya a ciki da ban san dalilin zamanta ba.

Wani abu da ban sani ba sai yanzu, jerin kayan haɗin nan da ke ƙarƙashin "Ingredients" ba kara zube ake rubuta shi ba, wanda ya fi nauyi shi ke zuwa farko, a bi har zuwa mafi ƙanƙanta. Ku ɗauko na yaran nan masu arha ku duba, da yawansu suga ne a farko. Kuma in kun ga an rubuta 70% a gaba, nufinsu kashi 70 cikin 100 daga ƙwayar koko ya fito, niƙaƙƙen da man duka a haɗe. Nawa na jera shi koko, suga, man koko, aya, dabino, citta a ƙarshe tunda ɗan kaɗan ce.

Inda na fi daɗewa kuwa wajen kalmomin ɗanɗano ne, kusan sati biyu ina kai, kuma har yanzu ban ce na gama ba. Zaƙi da ɗaci da tsami ba matsala, "sweet", "bitter", "sour". Amma gardi fa? Gardin soyayyiyar aya, gardin gyaɗa in ta ji wuta daidai. Na duba ƙamus na tambayi Yaya da ke koyarwa a sakandare, ta ce min babu kalma ɗaya da za ta ɗauke shi duka, wani lokaci "nutty" ne wani lokaci "rich" wani lokaci "toasted". Raina ya ɗan sosu wallahi, don ni gardin nan shi nake son mai saye ya ji tun daga karanta takarda. Umma tana gefe tana tsince shinkafa ta ce toh ki rubuta gardi mana su ma su koya, Yaya ta ce Umma ai aikin Turanci ne take yi. Na dai tsaya a "toasted tiger nuts", eh aya kenan, sunan da suke kiranta ya ba ni mamaki nima.

Sai bauri, irin na goro ko ɗanyen kanya da ke kama maka harshe, shi akwai kalmarsa, "astringent", amma ba a sa ta a talla don ba mai sayen abu saboda bauri. Na dai ajiye ta a littafi. Citta kuma na fara rubuta "hot ginger", Yaya ta ce mai karatu zai ɗauka ko barkono ne ko kuma zafin wuta, a abun zaƙi "warm" suke cewa, irin ɗumin nan da citta ke bari a maƙogwaro in ka sha shayin mai shayi da sanyin hunturu. Wannan ya min, don dama shi nake nufi.

"Crunchy" da "crispy" ma na raba su da bakina ne ba da ƙamus ba. Na ajiye ƙuli-ƙuli da soyayyen dankali siriri a faranti. Ƙuli-ƙuli sai ka sa turmin haƙori kana jin garas-garas har cikin kunne, shine na farkon. Dankalin kuwa da ka taɓa shi ya karye, ba nauyi, shine na biyun. Dabino mai danƙo da sai ka yi ta tauna "chewy" ne. Kenan ayata "crunchy", dabinona "chewy". Ku gwada wannan dabarar don Allah, abun da harshe ya taɓa ba ya saurin fita a kai.

A sati na huɗu na ce bari in gwada yin na gaske ko sau ɗaya ne, don in san abin da nake rubutawa. Na sayo baƙin cakuleti na masu kek, na aro ma'aunin zafi wajen maƙwabciyata, na ɗora kwanon silba a kan tukunyar ruwan zafi ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba. Ƙa'idar baƙin cakuleti ita ce a narkar da shi ya kai wajen digiri 45, a sauke a yi ta juyawa ya sauko 27 ko 28, a sake ɗumama shi kaɗan zuwa 31 ko 32, sannan a zuba a mazubi. Sunan aikin "tempering", shi ke sa ya yi ƙyalli kuma in ka karya ya ce ƙas. Toh matsalar ita ce kicin ɗina da rana ya fi 28 ɗin zafi, ina juyawa ina juyawa ya ƙi sauka, sai da na jira bayan isha'i na dasa kwanon cikin ruwan randa. Zubin farko ɗigon ruwa ya faɗa ciki daga murfi, nan take ya dunƙule ya yi tauri kamar tuwon jiya, ashe shi ma da sunansa, "seize". Na biyu ya yi kyau, na kai firijin maƙwabta, aka ɗauke wuta cikin dare ya yi laushi ya sake daskarewa da asuba, da na ɗauko duk samansa ya yi fari-fari kamar ƙurar hunturu ta sauka a kai. Ba lalacewa ya yi ba, man ne ya taso sama, "bloom" suke ce masa, mun cinye abinmu tas.

Man koko wajen digiri 34 yake narkewa, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi yasa yake narkewa a baki, kuma shi yasa a Kaduna watan Maris da Afrilu ba zai kai gida daga Kasuwar Barci a jaka ba. Da can ina ganin "Store in a cool, dry place" a matsayin layin da kowa ke kwafa, yanzu na rubuta shi da manyan baƙi don na ga dalilinsa da idona. A nan ne ma na gane narkewa kashi biyu ce a wajensu, abun da zafi ya narkar "melt", abun da ya narke cikin ruwa kamar suga a shayi "dissolve". Da na rubuta wai cakuletina "dissolves in your mouth", yanzu na gyara ya koma "melts".

Na so in sa ɗan tarihi a baya don in gwada jimlolin nan na "was made", cewa kamfanin Fry na Biristol a Ingila ne ya fara yin cakuleti na sanda da ake ci a 1847, mai madara kuma Daniel Peter ya haɗa shi a Siwizalan a 1875. Na rubuta jimlolin a littafi sun yi daidai, amma wuri ya ƙare a takardar, na cire.

Wajen lambar NAFDAC na bar shi fili na ja layi kawai, ba zan ƙirƙiri lamba ba ko da wasa tunda abu ne na rajista. "Best before" na sa, "Net weight 50 g" na sa, sai gargaɗin masu rashin jituwa da wasu abinci, "May contain peanuts and sesame", don a kicin ɗin da nake gyaɗa da riɗi zan yi shi. Rubutun kuma na bi na Ingila irin wanda muka yi a makaranta, "flavour" da u, na Amurka ba sa sa ta.

Shekaranjiya na kai wani shagon buga takardu aka fitar min da guda biyu. Da aka zo yanka sai wuƙa ta cinye wutsiyar kadan da harafin ƙarshe na Kachia, ga wani farin layi a gefe ɗaya. Abun ya min ciwo sosai. Yaron shagon ya ce Hajiya ai ana barin rarar kala kamar milimita 3 ta wuce layin yanka, rubutu kuma a janye shi ciki, da ma ya faɗa min kafin ya buga. Na dawo gida na gyara a daren, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sake kaiwa.

Abin da ya rage min teburin sinadaran abinci na baya, da kuma karanta takardar gaba ɗaya da baki in ɗauki muryata a waya, don "pack" da "fat" da "product" har yanzu p da f suna haɗe min in na yi sauri. Sai layin da zai zauna ƙarƙashin sunan Kada a gaba, guda biyu gare ni na kasa zaɓa: "Warm ginger, crunchy tiger nut" ko kuma "A taste of home from the Crocodile City". Yaya ta fi son na biyu, ni kuma zuciyata na kan na farko don ya faɗi abin da ke ciki. Ku faɗa min wanne ya fi zauna muku kafin Asabar ɗin, kuma in akwai wanda ya samo kalmar gardi don Allah kar ya ɓoye min.