Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ranar da Muka Busa Kiɗan Auta

Makon jiya na tsaya a inda shugabar wata makarantar firamare ta ba badujalar unguwarmu aron aji ɗaya, muna yin atisayen kiɗa duk yammacin Asabar bayan la'asar. Mu goma sha bakwai ne a lokacin. Tsofaffin 'yan sanda huɗu har da ni, tsofaffin sojoji biyu, samari da suka koyi busa a ƙungiyar Boys' Brigade ta cocinsu, teloli biyu, wani direban Keke Napep, da wata malamar asibiti da ke busa kilarinet. Wasu daga Kawo suke zuwa, wasu daga Tudun Wada, wasu kuma sai sun tsallako gada daga Barnawa da Sabon Tasha. Wanda ya san Kaduna ya san tsallake gadar nan don a zauna aji ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ban ba ku labarinsa ba shi ne akwatin takarduna. Akwatin ƙarfe ne, irin wanda ake kai yara makarantar kwana da shi. A cikinsa na tara duk kiɗan da na busa a shekara talatin da biyar da na yi a badujalar 'yan sanda. Takardun sun yi ja, wasu an kwafe su an sake kwafewa har layukan sun fara ɓacewa. Yawancinsu kiɗan fareti ne, taku 120 a minti ɗaya. Akwai na John Philip Sousa, mutumin Amurka da ya rasu a 1932, akwai na Kenneth Alford na Ingila da ya rasu a 1945. Kiɗa ne mai kyau, har gobe ina girmama masu shi. Sai dai duk abin da badujalar unguwarmu ke busawa daga akwatin nan yake fitowa, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: in takardun nan suka ƙarasa yagewa, me za mu busa?

A ranar 29 ga Mayu, 2024, shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken Najeriya, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Ni na rera shi a firamare, karinsa na nan a kaina daram. Amma rerawa daban, rabawa mutum goma sha bakwai abin da kowa zai busa daban. Na zazzage akwati kaf, babu shi. Ga shugabar makaranta ta aiko cewa tana son mu zo mu koya wa yara, mu da muke cin arzikin ajinta.

A nan ne Auta ya shigo labarin. Ba sunansa ke nan ba, mu ne muka laƙaba masa don shi ne ƙaraminmu. Ɗalibi ne a wata kwalejin horar da malamai, yana buga mana ƙaramar ganga, ba ya magana sai an tambaye shi. Bayan an tashi ya tsaya yana taya ni kwashe kujeru, can ya ce, "Baba Sufeto, in ka yarda zan gwada rubuta shi. Ina da MuseScore a kwamfutar yayana."

Na ce, "Mene ne kuma wannan?"

Ya ce manhaja ce ta kyauta da ake rubuta kiɗa da ita, kuma tana busa maka abin da ka rubuta ka ji. Na ce ya je ya gwada.

Asabar ta zagayo ya zo da takardu fes, an buga su da inji, irin waɗanda ban taɓa riƙewa sababbi ba. Na ɗaga sanda, na ƙirga, muka shiga. Abin da ya fito ba ya jiyuwa. Kowa na busa abin da ke gabansa daidai, amma sautukan na karo da juna. Na dakatar, na karɓi takardar tirampet da ta sarewa na jera su, nan take na gane. Yaron ya rubuta wa kowa kamar fiyano zai kaɗa. Shi kuwa tirampet irin namu, da kilarinet, in ka rubuta musu do, wato sautin farko a jerin do-re-mi, abin da kunne zai ji ya gaza do ɗin fiyano da mataki guda, don haka dole ka ɗaga musu rubutun da mataki guda kafin su haɗu da sarewa. Saksafon kuma tasa tazarar daban ce. Mu a bariki wannan shi ne karatun farko. Shi babu wanda ya taɓa gaya masa, don a ajinsu da fiyano da murya kawai ake koyarwa.

Sai kuma Saje, tsohon soja mai busa tuba, babban ƙahon ƙarfe mai kaurin murya, ya sauke ƙarfensa yana haki. Ya ce, "Yaro, a ina ka ce in yi numfashi? Tun daga farko har ƙarshe ba ka bar mini ko ƙofar allura ba."

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce a kwamfuta ya fita lafiya.

Saje ya ce, "Kwamfutarka tana da huhu?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba, don na ga idon yaron ya kawo ruwa. Na san irin wannan lokacin. A nan ne yaro ke naɗe takardarsa ya tafi, ba zai sake rubuta ko layi ɗaya ba har ya mutu. Na ce kowa ya ajiye kayansa. Na ba su labarin Benedict Odiase, wanda ya shugabanci badujalar 'yan sandan Najeriya, shi ne ya sa wa taken 1978 kiɗa. Shekara arba'in da shida ƙasar nan tana miƙewa tsaye saboda abin da ɗan badujala irinmu ya rubuta. Na ce shi ma akwai ranar da ya fara, kuma na tabbata akwai wanda ya zauna ya busa masa. Na juya wajen Saje na ce, "Saje, kai ka san inda numfashin yake. Ɗauki fensir ka nuna masa." Ya jawo yaron kusa da shi. Mako biyu bayan nan muka busa taken a gaban yara, lafiya lau.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ba shi kashi guda a tarihina ba. A daren da muka busa taken na kasa barci. Ina ta tunanin cewa a Ingila ma'aikatan haƙar kwal na cikin waɗanda suka riƙe badujalolin garuruwansu, a Amurka kuma kusan ko'ina akwai badujalar gari ta 'yan sa-kai irin tamu, kuma suna da masu rubuta musu sabon kiɗa, har gasa ake shirya wa ɗalibai don haka. Mu fa? Mun gaji kayan busa, mun gaji takardu, amma ba mu gaji rubutawa ba. Kuma laifin har da irina, da muka shekara muna cewa yara ba su iya ba, alhali ba mu taɓa miƙa musu fensir ba.

Washegari na kira Auta. Na ce, "Wancan na wani ne ka raba mana. Yanzu naka nake so."

Ya ce, "Baba, ni wa? Me zan rubuta?"

Na ce, "Me ka fara ji a duniya kafin ka san akwai Sousa?"

Ya yi shiru. Can ya ce luguden kakarsa. A ƙauyensu mata uku ke kewaye turmi ɗaya, taɓarya na sauka bi da bi, wata ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe, ba a taɓa yin karo, ga waƙa ana yi ana amsawa. Na ce to ka samu kiɗanka.

Na gindaya masa sharaɗi, kuma har yau shi nake gindaya wa kowane ɗalibi. Kada ya wuce minti uku. Kada ya rubuta wa badujalar da yake gani a waya mai mutum sittin, ya rubuta wa mu ɗin nan da ya sani: tuba ɗaya, wadda masu walda na Panteka suka liƙe wa ƙugu har sau biyu, tirampet huɗu waɗanda biyu daga cikin masu su haƙoran gaba sun fara girgiɗi ba sa iya hawa can sama, da malamar asibiti da wani lokaci aikin dare ke hana ta zuwa, don haka duk abin da ya ba ta sai ya rubuta shi ƙanana a takardar wani, ko da ba ta zo ba. Ni kuma na yi masa alkawari ɗaya: duk abin da ya kawo, mai kyau ko marar kyau, sai mun busa shi daga farko har ƙarshe. Wannan alkawarin ya fi kuɗi a wurin mai koyo. Ɗalibi zai iya shekara uku yana cin jarrabawar kiɗa bai taɓa jin numfashin ɗan Adam ya ratsa abin da ya rubuta ba.

Wata huɗu muka yi muna kai da komo. Taɓare ukun ya raba su tsakanin babbar ganga, tuba da turombon, kowa na faɗowa a gurbin da ɗan'uwansa ya bari. Wannan dabarar ta warware matsalar Saje ba tare da an nema ba, don kowane bugu akwai hutu a bayansa. Kilarinet ce jagora, sauran 'yan amshi. A farkon kiɗan ya so a nemo kakaki na gaske. Na ce a'a, kakaki na sarauta ne, ba a ɗauko shi don wasan makaranta. Amma tun da sauti biyu yake yi, ƙasa da sama, ya ba tirampet do da so su kira irin kiransa. Haka aka yi, kuma ya zauna.

Inda muka fi daɗewa shi ne karin waƙar. Waƙar kakarsa a kan sauti biyar take tafiya, kamar yawancin waƙoƙinmu, babu fa babu ti. Shi kuma an koya masa haɗin sauti irin na littafin Turawa, sai ya riƙa lanƙwasa karin don ya shiga haɗin. Ranar da muka gwada, ɗaya daga cikin telolinmu, wanda bai iya karanta rubutun kiɗa sosai ba amma kunnensa ba ya kuskure, ya ce, "Sufeto, maganar ta ɓace." Gaskiya ya faɗa. Hausa da hawa da sauka take magana. Kukan yaro da kukar miya harafinsu ɗaya, murya ce ke raba su. In ka ɗaga inda kalma ta sauka, ko babu mai rerawa, Bahaushe zai ji ƙarfe na faɗin abin da ba shi ba. Na ce wa Auta ya bar karin yadda kaka ta bar shi, haɗin ne zai bi shi. Ya cire rabin abin da ya cusa, ya bar tuba da turombon suna riƙe do da so a ƙasa. Da muka sake busawa, telan ya ajiye saksafon ɗinsa a cinya yana gyaɗa kai, bakinsa na motsi.

A watan Disamba muka fito da shi, ranar rufe makaranta. Hunturu ya sauka, leɓɓa sun tsage, ƙarafa sun yi sanyi, kuma ƙarfe in ya yi sanyi sautinsa sauka yake yi, sai da na sa kowa ya yi ta hura iska a cikin nasa kafin mu fara. Mun yi faretinmu biyu daga akwati, aka tafa kamar kullum. Sai na karɓi lasifika na faɗi sunan yaron cikakke da sunan unguwarsu, na ce wanda za ku ji yanzu shi ya rubuta shi, ga shi nan a tsaye. Na miƙa masa sandata. Bai san zan yi haka ba. Hannunsa na rawa ya karɓa.

Tirampet suka yi kira. Ganga ta faɗo, tuba ta amsa, turombon ya cike. Ba a kai rabi ba na ji guɗa daga bayan rumfa inda iyaye mata suke. Wata tsohuwa ta miƙe tana kwaikwayon daka da hannu biyu, wasu suka kama tafi daidai inda taɓarya ke tashi sama, wurin da babu wanda ya koya musu. Na yi fareti a Dandalin Murtala ba sau ɗaya ba, gaban manya, ban taɓa jin an yi wa badujala guɗa ba sai ran nan. Saje yana busawa hawaye na bin kumatunsa.

Kafin hutun ya ƙare ɗalibai uku daga kwalejin su Auta sun zo da takardunsu, ciki har da yarinya ɗaya da ta gina nata a kan kiran masu tallar fura. Na sayi sabon fayil na roba na sa a cikin akwatin ƙarfe, a saman su Sousa. Muka tsayar da cewa Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata ta ɗalibai ce. Mai kiɗan zai zauna a tsakiyarmu, ba a gefe ba, ya ɗauki sautin a wayarsa ya tafi da shi, kuma kowa zai rubuta masa gyara a bayan takarda da fensir maimakon a faɗa masa a bainar jama'a. Daga ɗan abin da muke tarawa na man shafa wa ƙarafa muke ba shi kuɗin mota.

Sai dai wani ya ɗauki bidiyon ranar ya sa a Facebook, ya zagaya har ya isa wayar mahaifin Auta. Asabar biyu yaron bai zo ba, wayarsa a kashe. Ta ukun ina cikin jera kujeru sai ga yayansa a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi zama.

Ya ce, "Baba, Alhaji ne ya aiko ni. Ya ce a gaya maka shi malanta ya tura ɗansa ya koyo, ba roƙo ba. A zuriyarmu babu maroƙi. Ya ce in kana da magana, yana gida gobe bayan azahar."

Na ce, "Ka ce masa ina gaishe shi, kuma in Allah ya kai mu ina tafe."

Yadda zamana da Alhaji ya kasance a zaurensa, da abin da na ɗauka na tafi da shi a aljihu, sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.