Na San Sunayen Manyan Barewa, Ban San Inda Suka Fara Ba

Ranar da aka kai ni Kwalejin Barewa a Zariya, yayan mahaifina ne ya raka ni. Baba Malam muke ce masa. Shi ma can ya yi karatu, amma a zamanin da makarantar take Kaduna. Muna sauke akwatin ƙarfe da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli, ya fara ba ni labarin yadda aka ɗauko su daga midil, ni kuwa idona na kan yaran da ke buga ƙwallo. Na ce, "Baba, bari sai na zo hutu." Hutu ya zo ya wuce, wani ya biyo shi, har na gama makarantar ban zauna na saurare shi ba.

Ƙannena da ke irin waɗannan tsofaffin makarantu yanzu, Barewa ce ko Rumfa ko Kwalejin Gwamnati ta Keffi, da ku nake. Na san abin da ke faruwa a kan yaro idan ya sa kayan makaranta mai suna, domin ya faru a kaina.

Abin da na haddace tun aji ɗaya shi ne jerin manya. Sardauna namu ne, Tafawa Ɓalewa namu ne, Gowon da Murtala da Shagari duk namu ne. Da hutu idan muka haɗu da 'yan wasu makarantu a dandalin unguwa, haka zan riƙa zazzago sunayen kamar maroƙi, in rufe da cewa su kawo nasu mu ji. Daga baya ma aka ƙara mana Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma lokacin baki ya riga ya mutu. Taken makarantar kuwa, Man jadda wajada, wato wanda ya dage zai samu, kullum yana gabana, ban taɓa ɗauka da ni yake ba.

Da za ka tsare ni ka ce wane ne Ɗan Hausa da aka sa wa gidan kwana sunansa, sai in yi zuru. Shekara biyar ina wucewa ta gaban sunan. Sai da na yi gemu na san Hanns Vischer ne, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, wanda har yau gidansa na nan ana ce masa Gidan Ɗan Hausa. Haka ma sunayen sauran gidajen kwanan: Clifford shi ne gwamnan da aka kafa makarantar a zamaninsa a Katsina, a 1921. Bello Kagara malami ne da ya koyar a cikinta. Sulaiman Barau ya zama Sarkin Abuja, kuma daga sunansa aka samo Suleja. Ban ma san makarantar ta yi ƙaura sau biyu ba, daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, ko cewa sunan Barewa ɗin da nake tinƙaho da shi sai a 1971 aka raɗa mata.

Wani zai ce to mene ne, ai rashin sanin waɗannan ba ya hana cin tuwo. Ni ya hana ni, kusan shekara uku.

Da na gama jami'a da bautar ƙasa, da sakamakon da bai taka kara ya karya ba, aka yi mini tayin koyarwa a wata sakandare ta ƙauye. Na ƙi. A raina, ɗan Barewa bai dace da alli da ƙurar allo ba; banki ko kamfanin mai nake jira. Na riƙa bin ofisoshin tsofaffin ɗalibai da takarduna a hamata. Kuma Allah ya saka musu, sun karɓe ni, sun ba ni shayi, wasu har 'yar wasiƙa suka rubuta mini. Amma duk inda wasiƙar ta kai ni, takardar sakamako ake buɗewa, ita kuma ba ta san Sardauna ba. Haka na zauna gida, ƙanina yana ba ni kuɗin aski.

Wata rana da yamma Baba Malam ya sa aka kira ni. Yana kan buzunsa a zaure, ya ce, "Ɗana, na ji ka ce koyarwa ta yi maka kaɗan. Wannan makarantar taka, ka san don me aka gina ta?" Na ce don a yi shugabanni. Ya yi dariya har da tari. Ya ce don a horar da malamai aka buɗe ta, sannan ya shiga lissafo mini mutanen nan nawa, ɗaya bayan ɗaya, ta inda ban taɓa jin su ba. Ahmadu Bello da ya fito a 1931, Midil ta Sakkwato ya koma yana koyarwa, sai a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru yana malanta a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru. Shehu Shagari malamin kimiyya ne a Sakkwato. Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya ce, "Wanne ne a cikinsu ka fi?"

Ban ce uffan ba. Bayan wata biyu na karɓi aikin, ba don na gamsu ba, don kunya. Sai da na tsaya gaban yara sittin na gane ban iya lissafin da nake cewa na ci ba, na koma ina karatu da fitilar ƙwai kamar mai shirin jarrabawa. Karatun da ya kamata in yi a Zariya, a ƙauyen nan na yi shi.

Don haka, kai da ke can yanzu, tambayi sunan da ke rubuce a ƙofar gidan kwananku. Kada ka tsaya a muƙamin da mutumin ya mutu a kai, nemi aikin da ya fara yi yana ɗan shekara ashirin da biyu, da albashin da ya karɓa. Ka riƙa zuwa taron tsofaffin ɗalibai in an gayyace ku, amma ka je da kunne, ka bar takardar neman aiki a gida tukuna. In kuwa akwai tsoho a danginku da ya yi makarantar, ga waya a hannunka, zauna ka naɗi muryarsa a wannan hutun. Wanda ke Katsina ya leƙa tsohon ginin kwalejin, ginin ƙasa ne, yana nan an mai da shi wurin adana kayan tarihi.

Ni na makara. Na yi niyyar in zo da rakoda da kaset in ɗauki labarin Baba Malam tun daga farko, ina ta cewa sai an yi hutun ƙarshen shekara. Ya rasu da damina. Bayan sadakar arba'in aka buɗe akwatinsa, muka tarar gara ta cinye littattafansa na Kaduna, saura wani hoto guda: samari goma sha wani abu a tsaye cikin fararen kaya, shi ne na uku daga hagu. Na zagaya da hoton gidajen dangi, babu wanda ya iya gaya mini sunan ko mutum ɗaya daga cikin sauran.