Gurbin kwanan wata guda ɗaya da ya mayar da mu ɗakin kati

A fom ɗin da muka gina wa wani ƙaramin asibiti a nan Zariya don rubuta magani ko abincin da jikin majinyaci ba ya karɓa, na sa gurbin kwanan wata guda ɗaya tak. Na raɗa masa suna "Kwanan wata", na hana a wuce shi ba a cike ba, sannan na umarci manhajar cewa idan ma'aikaci bai taɓa gurbin ba, ta sa ranar yau da kanta. Sauran fom ɗin bai ba mu wahala ba. Sunan magani, irin alamar da ta bayyana, tsananinta, duk sun tafi yadda aka so. Wannan gurbin ne ya ɓata mana aiki, kuma har yau ina jin zafinsa, domin tambaya ɗaya ce ban yi ba: kwanan watan me?

Borin jini, wato tashin da jiki ke yi wa abin da ba ya karɓa, ba rana ɗaya yake da ita ba. Akwai lokacin da abin ya fara samun mutum, akwai lokacin da ya same shi na ƙarshe, kowane tashi yana da nasa lokacin, sannan akwai ranar da wani ya zauna ya rubuta. Ƙa'idar FHIR ta ƙungiyar HL7, wadda ke tsara yadda ake musayar bayanan lafiya tsakanin kwamfutoci, a bugunta na huɗu, ta ware wa kowannensu gurbinsa. Na karanta ta kafin mu fara, amma na ga kamar yawan gurabe zai gajiyar da ma'aikata, sai na dunƙule su wuri guda.

Ga abin da dunƙulewar ta haifar lokacin kwashe tsofaffin katunan zuwa kwamfuta. Wasu ma'aikatan sun bar ranar da manhaja ta sa. Wasu, da suka ga shekara kawai a kati, sai suka cike da 1 ga Janairu don fom ya ba su hanya. Wasu kuma suka sa ranar da likita ya rubuta bayanin a kati. Ma'anoni uku a gurbi ɗaya, kuma a allon kwamfuta duk kamarsu ɗaya. Mai kula da ɗakin magani ce ta fara lura. Ta ce da ni, "Malam, duba min nan. Mutanen nan duk a wata ɗaya borin jinin ya same su?" Watan da ta nuna shi ne watan da muka yi aikin kwashe katunan.

Wanda bai zauna da likitoci ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Ba haka ba ne, musamman a kan fenisilin da danginsa irin su amoksisilin. Daga cikin masu borin fenisilin na gaske, irin mai tasowa nan take, kusan takwas cikin goma jikinsu yakan daina bayan shekara goma. Har ma'aunin da wasu likitoci ke amfani da shi wajen tantance haɗari yana tambaya ko abin ya faru cikin shekara biyar da suka wuce. To dattijon da ƙuraje suka feso masa tun yana saurayi, fom ɗina ya nuna shi a matsayin wanda abin ya sama watan jiya. Likita ya gani, ya kauce wa magani mai sauƙin kuɗi, ya rubuta mai tsada, iyali suka biya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mugun borin nan mai saɓule fata da cin baki da idanu, wanda Septrin, Fansidar ko nevirapine kan jawo. Shi daɗewa ba ta wanke shi, ko shekara talatin aka yi ba a sake ba da maganin. Abin da likita ke nema a nan shi ne tazarar da ke tsakanin fara shan magani da bayyanar alama: mai tasowa cikin awa ɗaya daban, mai zuwa bayan kwana huɗu zuwa mako huɗu daban. Gurbi ɗaya ba ya ɗaukar tazara.

Da muka sake gini, ranar rubutawa muka fara cirewa daga hannun mutane. Sabar asibitin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, ita ce ke sa ta, da awa da minti da daƙiƙa da alamar +01:00 ta agogon Najeriya, kuma ba mai iya gyara ta. Kada a ɗauko ta daga agogon kwamfutar da ke kan teburin nas. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon yakan mutu, a ɗauke wuta, a kunna janareta, kwamfutar ta tashi da kwanan watan shekarun baya ba wanda ya lura. Ga bayanan da aka kwaso daga takarda kuma muka ƙara gurbi na daban, ranar da aka rubuta a katin asali, don kada ta sake cakuɗewa da ranar shigarwa.

Gurbin lokacin farawa shi ne ya fi cin tunani, domin majinyatanmu ba da kalandar Bature suke tuna ciwo ba. Nas za ta ce, "Baba, yaushe abin ya same ka?" Ya ce, "Ai tun zamanin Shagari." Wannan amsa ce mai amfani, tana nufin tsakanin 1979 da 1983, kuma ta ishi likita. Wata za ta ce cikin azumin da ta haifi ɗanta na biyu, wani ya ce yana ɗan shekara goma, wani ya ce da kaka, bara waccan. Tsohon fom ɗina yana tilasta wa nas ta mayar da irin wannan amsar rana da wata da shekara, wato ta ƙirƙiro abin da majinyaci bai faɗa ba. Laifin na fom ne, ba nata ba.

Yanzu shekara, wata da rana gurabe uku ne daban a rumbun bayanai, kuma ana iya cike shekara kaɗai, ko shekara da wata. FHIR ta yarda da 2019, ta yarda da 2019-05, ta yarda da 2019-05-14, don haka ba dalilin cike giɓi da 01. In ba a san shekara ba, a sa shekarun majinyaci a lokacin, ko a sa daga kaza zuwa kaza. A ƙasa kuma akwai layin rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta. Wannan layin bai da amfani sai an nuna shi tare da ranar rubutawa, tunda "bara" ta wanda aka tambaya a 2021 ba ita ce ta 2024 ba. Azumi ma muna shigar da shi ne a matsayin tsakani, ba wata guda ba. Na 2023 ya fara 23 ga Maris ya shiga Afrilu, kuma shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka sai an duba shekarar kafin a ce ga watan. Akwai kuma "daren Juma'a", wanda a bakin mutanenmu daren Alhamis ne wayewar Juma'a. Mun koya wa ma'aikata su sake tambaya, "Washegari ne aka yi Juma'a, ko a ranar aka yi?"

Gurbin da ba a cike ba shi ma iri biyu ne, kuma mun raba su: an tambaya bai sani ba, da ba a tambaya ba. Na biyun ne kawai ke sa manhaja ta tunatar a zuwa na gaba.

Awa da minti mun bar su ga abin da ya faru a gaban ma'aikata kawai, kamar wanda aka yi wa allura a ɗakin jinya jikinsa ya tashi. Nan ana rubuta lokacin allurar da lokacin alamar farko, manhaja ta fitar da tazarar. Duk inda aka sa awa, dole a sa yankin agogo, ita ma ƙa'idar haka ta ce. Wanda ya ce bayan la'asar abin ya same shi a gida, maganarsa za a rubuta, kada a mayar masa da ita 16:00.

A nan ne na gano tsohon gurbin ya yi ɓarna ta biyu. A MySQL, manhajar rumbun bayananmu, nau'in TIMESTAMP na ba shi, wanda ke ajiye rana tare da awa, don haka kwanan wata marar awa yana shiga a matsayin sha biyun dare agogon Najeriya. Muna gaban GMT da awa ɗaya, saboda haka da aka fitar da bayanan a agogon GMT, 1 ga Janairu 2015 ya koma 31 ga Disamba 2014, ƙarfe 11 na dare. Ranar da dama ƙirƙirarriya ce, ga shi shekarar da ita kaɗai ce gaskiya ta ja baya. Bugu da ƙari, TIMESTAMP daga 1970 yake farawa ya tsaya a Janairun 2038, don haka ba shi da wurin ajiye abin da ya faru a 1965. Abin da ba shi da awa kada a ba shi nau'in da ke ɗauke da awa. Sai Excel, manhajar jadawali da ake buɗe bayanan da ita: kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta 03/04/2021 a matsayin 4 ga Maris, alhali mu 3 ga Afrilu muke nufi, kuma duk ranar da ba ta wuce 12 ba tana juyewa shiru. Yanzu da tsarin ISO 8601 muke fitarwa, shekara, wata, rana, a fom kuma ana zaɓar wata da sunansa.

Abu ɗaya kawai manhaja ke hanawa yanzu, ranar da ba ta zo ba tukuna. Idan lokacin farawa ya riga ranar haihuwa, gargaɗi take yi ta bar mutum ya wuce, domin ranar haihuwar dattawa da yawa ita ma kintace ce. Tilastawa ce ta jefa mu wancan ramin, ba zan sake ta ba.

Gyaran tsofaffin bayanan bai yiwu da umarni ɗaya a rumbu ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai. In na share duk inda ranar farawa ta yi daidai da ranar shigarwa, na share har da waɗanda jikinsu ya tashi a asibitin aka rubuta nan take, su ne kuma mafi inganci. Masu 1 ga Janairu ba a san na gaske da na cike giɓi ba. Sai muka koma ɗakin kati da ma'aikatansa, muna zaro fayil ɗaya bayan ɗaya bayan an tashi aiki. Waɗanda katinsu bai faɗi komai ba, mun cire ranar, mun bar sunan maganin yana nan da gargaɗinsa, muka yi musu alamar ba a tambaya ba. Yawancinsu mutanen ƙauyukan wajen Giwa da Soba ne da ba sa zuwa sai ciwo ya matsa, kuma har yanzu jerin bai ƙare ba.