Ƙotar wuƙa ta farko da na sassaƙa a Agege

Na fara zama a maƙerar maigidana da ke Agege ana saura wata 2 Babbar Sallah, lokacin da mahauta da masu tsire da magidanta masu shirin layya suke tururuwar kawo wuƙaƙe, wasu don a wasa musu, wasu kuma don a sauya musu ƙota. Da yake ba a barin sabon yaro ya daki ƙarfe a kan uwar maƙera, sai aka ba ni aikin itace, ni kuwa na ɗauka rangwame aka yi mini.

Tun daga zaɓen itace na fara tuntuɓe. A Arewa ƙirya da marke muka sani wajen ƙotar gatari da ta fartanya, amma a Legas itacen kurmi ne ya fi samuwa, musamman iroko. Na je kasuwar katako ta Oko-Baba a Ebute Metta, inda a lokacin ake janyo gungumen itace ta kan ruwa, na tsinto guntaye masu nauyi ina murna, ban san cewa yawancin nauyin nan na ruwa ba ne. Da na kawo, maigida ya ɗauki biyu ya gwara su, sannan ya gwara wasu tsofaffi da ya daɗe da ajiyewa a rufin rumfa. Nasa suka yi ƙara tas, nawa kuwa suka yi dum. Ya bayyana mini cewa ɗanyen itace yakan tsuke idan ya bushe, ƙota ta tsage ko wuƙa ta riƙa girgiɗi a cikinta, kuma a gari mai laima irin Legas bushewar takan ɗauki watanni.

Shigar da wutsiyar wuƙa, wato siririn ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, cikin itace ma da nata sharaɗin. Ana fara huda ƙaramin rami daidai da jijiyar itacen, a ɗumama wutsiyar a wuta, a tura ta a hankali ta ƙona wa kanta mazauni. Ranar da aka fara ba ni dama na bar ta ta yi ja zur, ramin ya ƙone ya yi faɗi, zafin kuma ya haura har bakin wuƙar ya koma shuɗi, alamar ƙarfen ya yi laushi ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an sake ba shi ruwa, wato a gasa shi a tsoma a ruwa ya yi tauri. Tun daga ranar ba na kusantar wuta sai na naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Na ɗauki kwana 3 a kan ƙota guda mai tsawon inci 5, na fere ta da gizago, na daidaita da magagari, na mulmule ta ta zama kamar taɓarya, na goge da samfefa har tana sheƙi, na sa mata zoben ƙarfe a baki don kada ta tsage. Mai ita, wani dattijon mahauci da ke aiki a mayankar Oko-Oba, ya dawo da ita washegari. Bai yi faɗa ba. Ya shafa kitse a tafin hannuna, ya miƙo mini wuƙar, ya ce, "Ɗana, riƙe ka yanka wannan igiyar." Ina dannawa sai ƙotar ta juya a hannuna, kaifin ya kauce gefe. Ya ce hannun mahauci kullum cikin jini da maiƙo yake, kuma idan yana fiɗa ba ya kallon wuƙa, tafin hannunsa ne yake gaya masa inda kaifi ya fuskanta. Mulmulalliyar ƙota kuwa ba ta gaya wa hannu komai. Ni ido na yi wa aiki, har na manta ban ko dubi girman hannun mutumin ba lokacin da ya kawo ta.

Na sake ɗaukar magagari na shafe gefunan biyu ta ɗan yi siffar ƙwai, na bar tudu a ƙarshenta don kada ta suɓuce, na yi ɗan kwari inda manuniya take zama, sannan na kankare sheƙin nan da na sha wahala a kansa. Dattijon ya karɓa, ya jujjuya ta idonsa a rufe, ya soka ta a kube, ya ce gobe zai aiko yaronsa da wasu guda 2.