Biri ya tsira, ɓera ya tafi

Darasi na so in shirya wa ɗalibaina kan dabbobin da ke ƙarewa, sai na zaɓi biyu: tamarin, ɗan birin nan mai gashi ruwan zinariya na dajin Birazil, da ɓeran tsibirin Bramble Cay na Ostareliya. Na raba takarda gida biyu ina jera abincinsu da girmansu da makwancinsu. Kwana biyu ina fama, abin bai yi armashi ba.

Sai da na koma kan shekaru idona ya buɗe. A shekarun 1970 birin nan bai wuce kimanin 200 a daji ba. A 1978 kuwa an ƙiyasta ɓerayen da ɗaruruwa. Ashe a lokacin ɓeran bai fi birin shiga uku ba.

Shi biri ya samu gata. An keɓe masa dajin Poço das Antas a 1974, daga 1984 aka riƙa sakin waɗanda aka haifa a gidajen namun daji. Da zazzaɓin shawara ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku wajen 2018, bin su aka yi ana musu allurar rigakafi. Ƙidayar 2023 ta ba da kimanin 4,800. Har hotonsa na kan takardar kuɗin ƙasar ta reais 20.

Ɓeran fa? Da farko na rubuta "sauyin yanayi" na wuce, don tsibirin bai fi mita uku sama da teku ba, ruwan gishiri ya yi ta hawa yana kashe ciyawar da yake ci. Gaskiya ne, amma da saura. Tun 2008 aka rubuta shirin ceto shi, bai tsinana komai ba. Ganin ƙarshe da aka yi masa a 2009 ne. Da masana suka je da tarkuna a 2014, ko ɗaya ba su samu ba. A 2019 gwamnatin Ostareliya ta sanar ya ƙare.

Kuskurena a aji shi ne fara nuna hotuna. Yara suka yi ca a kan birin. Wata yarinya ta leƙa ɗayan hoton ta ce, "Malam, ɓera ne fa, ai an huta." Ban yi mata faɗa ba, don ni ma hoton birin na fara nema.

A aji na biyu na ɓoye hotunan, na rubuta shekaru da adadi kawai a allo, na ce su canki wanda ya tsira. Ajin ya rabu biyu.