Saƙon Godiya Bayan Buɗe Shagon Agashe a Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana Juma'ar da ta gabata, ranar da aka yi walimar buɗe shagona na agashe, wato tsire, a nan Gadarif da ke ƙasar Sudan, bayan na shafe fiye da shekara biyu ina gashi a kan tebur a bakin titi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Jama'ar da suka halarta, da waɗanda suka tsaya mini tun kafin a kai ga wannan rana, sun fi ƙarfin in bi su gida gida, shi ya sa na zaɓi in rubuta godiyata a inda kowa zai gani. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu surukaina ne da kunya ta hana ni faɗin sunansu, wasu kuma na san don Allah suka yi, ba za su so a nuna su ba.

Na baro Kano a shekarar 2017 domin karatu a Jami'ar Afirka da ke Hartum, ba da niyyar zama ko kasuwanci ba. Gidanmu gidan fawa ne, a gaban tukubar mahaifina na tashi, saboda haka ranar da na fara ganin tsire a bakin titi a Hartum, na ji ana kiransa agashe, kuma na tarar Hausawa ne suka fi shahara da shi, sai na ji kamar an ɗauko mini wani yanki na gida. Na yi aure a 2021. Ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke. An kwashe 'yan Najeriya da yawa ta iyakar Masar da ta bakin teku, amma mai ɗakina tana da tsohon ciki kuma iyayenta suna Gadarif, sai muka biyo ta Wad Madani, tafiyar fiye da kilomita 400, muka iso da jaka biyu.

Godiyata ta farko ga surukina ce. Baba, kun ba mu ɗaki a gidanku a lokacin da kowane gida a unguwar yake cike da 'yan'uwa masu gudun hijira, kuma wata uku ina ci daga tukunyarku ban taɓa ganin canji a fuskarku ba. Ban manta daren da kuka zaunar da ni bayan sallar isha'i ba, kuka ba ni labarin kakanku da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, kamar dubban mutanenmu da suka bi wannan hanya, wasu suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar, wasu suka kama aikin auduga a Jazira, shi kuma ya yada zango a nan ya kama noman dawa da riɗi. Kun ce da ni duk inda matafiyi ya sauka, sana'ar hannunsa ce take ba shi wurin zama, sannan kuka tambaye ni abin da na iya tun kafin in san biro. Wannan tambaya ita ce asalin shagon da kuka yi wa addu'a ranar Juma'a. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Inna, jarin farko daga hannunku ya fito. Kwasarku ta adashi ce, wanda a nan ake kira sanduƙ, kuka miƙa mini ita gaba ɗaya, alhali na san akwai abin da kuka daɗe kuna tara ta dominsa. Da ita na sayi tebur da gawayi da tsinke da nama kilo biyar. Har yau kuma ku ne kuke soya gyaɗa, ku matse mai, ku soya tunkuza ta zama ƙuli-ƙulin da nake haɗa yaji da shi, kuma duk mai yaba ɗanɗanon agashena aikinku yake yabawa ko da bai sani ba. Mai ɗakina kuwa, wadda take jera nama a tsinke da goyo a bayanta, kuma ita ce mai riƙe da littafin shiga da fita, Allah ne kaɗai zai biya ta.

Akwai wani dattijo a cikin masu agashe na garin nan wanda ya kamata in daɗe a kansa. Na shigo sana'ar da yake ci da ita shekaru masu yawa, ina baƙo, kuma ba wanda zai zarge shi da ya kawar da kai. Maimakon haka sai ya zo da kansa a kwana na uku, ya ɗanɗana, ya ce hannuna na gado ne amma bakin mutanen nan ba bakin Kano ba ne. Ya nuna mini yadda zan ƙara sirantar da yanka, in rage barkono a cikin yajin in ajiye shi gefe ga mai so, kada kuma in sallami kowa ba tare da albasa da lemun tsami da burodi ba. Shi ne ya ce in ƙara da na kaza, ya kuma haɗa ni da mai gawayin da ba ya cika buhu da dusa. A ganina, irin wannan karamci tsakanin masu sana'a ɗaya ya fi kyautar kuɗi wuya, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi wa wani baƙon irinsa.

Ban daɗe da farawa ba annobar kwalara ta ɓulla a Gadarif, a watan Satumba na 2023, mutane suka ji tsoron abincin waje, ciniki ya faɗi warwas. Ina godiya ga ma'aikatan lafiya da suka riƙa zagayawa suna nuna mana yadda ake sa magani a ruwa, domin garin nan yana da ƙarancin ruwa, kuma yawancinmu daga masu amalanken jaki muke saye. Sai kuma watan Fabrairu na 2024, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke. Takardar kuɗi ta yi wuya a hannun jama'a, kusan kowa da manhajar banki yake biya, ga shi ita ma ba ta aiki sai da layi. A waɗannan makonni mahaucin da nake sayen nama a wurinsa, wanda ba Bahaushe ba ne kuma babu abin da ya haɗa mu sai kasuwa da sahun sallah, ya ci gaba da ba ni nama kullum yana rubutawa a takarda. Wanda bai zauna a nan ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan bashi. Kafin yaƙi dala ɗaya tana kusan fam 600, a cikin 2024 kuwa ta haura fam 2,000 a kasuwa, saboda haka duk wanda ya ba ka bashi ya san abin da za ka mayar masa bai kai abin da ya ba ka ba. Da na je biya na nemi in ƙara masa wani abu, ya ƙi karɓa. Ɗan'uwa, Allah ya sa ka tarar da shi a mizani.

Ina godiya ga yayan mai ɗakina, wanda ya bar aikinsa ya yi ta kai da kawo da ni tsakanin ofishin mahalliya, wato ƙaramar hukuma, da asibiti, har na sabunta iƙamata, na karɓi katin lafiya na masu sayar da abinci da lasisin shago. Baƙo yana iya jin Larabci sarai amma bai san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa ba, kuma shawarata ga duk ɗan'uwan da zai kafa sana'a a ƙasar da ba tasa ba ita ce ya gyara takardunsa tun da wuri, ya kuma nemi ɗan gari mai amana ya yi masa jagora. Matasan unguwa sun yi mana gayya, wadda a nan ake kira nafir, suka kafa rumfar gaban shago suka zuba tsakuwa, domin duk wanda ya san lakar Gadarif da damina ya san ba a shiga shago sai da hanya. Malam limamin masallacinmu ya buɗe taro da addu'a ya rufe da addu'a, Allah ya ƙara masa daraja.

Ba zan manta da masu ciniki ba, musamman 'yan'uwan da yaƙi ya koro daga Wad Madani a watan Disamba na 2023, waɗanda da yawansu a makarantu suke kwana, amma idan ɗayansu ya sami ɗan abin hannu sai ya zo ya sayi tsinke biyu ya kai wa 'ya'yansa. Ɗaya daga cikin yara biyun da suke aiki tare da ni yanzu a cikinsu ya fito, kuma hannunsa ya fara faɗawa.

Hajiya mahaifiyata da 'yan'uwana na Kano, kimba da masoron da kuka aiko sun iso, addu'arku kuma ta riga su isowa. Duk wanda na manta ban ambata ba, ko na saɓa masa a cikin hidimar walima, ina roƙon ya yafe mini. Ina kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Sudan a cikin addu'arsa, Allah ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Shago yana buɗewa kullum daga bayan la'asar zuwa ƙarfe 11 na dare, kuma teburin da na fara da shi yana nan a bakin ƙofa, a kansa ake yanka albasa.

Wassalamu alaikum.